Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya: me ke aiki a gida da makaranta?

Malamar firamare, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Kusan kowane aji akwai yaron da aka yi wa tambarin "ba ya ji": bai gama layi ɗaya ba ya miƙe, yana amsa tambaya tun ba a ƙarasa ta ba, fensirinsa kullum a ɓace. Ba duka ne ƙiriniya ba, wasu lalurar da likitoci ke kira ADHD ce, wato lalurar kasa mai da hankali da yawan motsi. Abin da ke aiki a aji: a zaunar da shi layin gaba, nesa da taga. A kira sunansa, ya dube ki, ki ba shi umarni ɗaya tak, ya maimaita. Lissafi goma a ba shi uku-uku. Goge allo da rabon littattafai a bar masa, motsin ya zama aiki.

Ma'aikacin jinya, Daura:
Malama, kada dai mu yi saurin laƙaba suna. Sai alamun sun kai wata 6, sun fara kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri biyu aƙalla, gida da makaranta. Kafin nan a duba kunne da ido da ƙarancin jini. Akwai kuma wata farfaɗiya da yaro ke ɗauke wuta na 'yan daƙiƙoƙi, ido a buɗe, a zaci shiririta ce. 'Ya'ya mata su aka fi tsallakewa, don su ba sa tsalle-tsalle, sai dai a aike su gishiri su dawo da magi. Lalurar tana bin jini, ba iska ba ce, ba kuma shan zaƙi ke kawo ta ba.

Malamin Islamiyya, Rafindadi:
Dorina tana zaunar da shi minti biyar, bayan nan sai tsanar karatun. A hadda, aya uku ya kawo, ya miƙa ƙafa, sannan a ƙara. In a tsaye ya fi riƙewa, a ƙyale shi. Iyaye kuma ku duba: allo da asuba, boko, Islamiyya, ga waya har sha ɗaya na dare. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12.

Mai harhaɗa magunguna, Katsina:
Maganin da aka fi sani shi ne methylphenidate, wato Ritalin. Ba na kemis ba ne, sai likita ya rubuta. A fara da sashen yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Mai gajeren aiki awa 3 zuwa 4 yake yi. Yana kashe cin abinci, don haka a karya kumallo tukuna. In aka sha da yamma yana hana barci. A riƙa auna nauyi da tsawo da hawan jini. Ƙasa da shekara 6 kuwa, da horar da iyaye ake farawa.

Malamar firamare, Ƙofar Marusa:
Horon nan, Malam, ga yadda muke gaya wa iyaye. Yabo nan take, a faɗi abin da ya yi: "Ka jera takalmanka, Allah ya yi albarka." Alkawarin kayan sallah ya yi masa nisa, ladan yau a yau. In ya yi duka, ya zauna gefe minti ɗaya kan kowace shekara tasa, ba dogon faɗa. Inda abin ke lalacewa shi ne uwa ta hana, kaka ta ce a ƙyale mata miji. Sai an zauna da Hajiya ita ma.