Tarin fukan da ba ya jin magani: wa ya kama a gidajenku?

Baban Khalifa, Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An gwada kakin ƙanena mai shekara 29 a na'urar GeneXpert, aka ce tarin fukansa irin wanda ba ya jin magani ne. Ranar da na raka shi karɓar magani na dubi mutanen da ke kan benci, kusan duk maza ne, kuma ba mai furfura ko ɗaya. Abin ya tsaya mini a rai. Cutar ce ke zaɓen maza masu jini a jika, ko su kaɗai ke zuwa asibiti? Wanda ya san abin da idonsa, don Allah ya ce wani abu.

Mai Napep, Kawo:
Wa alaikumussalam. Ni ganau ne, ba jiyau ba. Da farko maganin wata 6 aka ɗora ni. Wata 2 da farawa tari ya ɗauke, zufar dare ta tsaya, na koma cin malmala biyu. Shi kuwa mai keken balas yake jira duk yamma, babu ruwansa da wani tibi, wato tarin fuka. Zuwa karɓar magani kuma safiya guda ce, daidai lokacin 'yan makaranta da ma'aikata. Sai na ce wa kaina ai na warke. Ba a rufa shekara ba ya dawo, har da jini a hankici. Nan aka ce rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka, ya daina ci. A wancan lokacin allura ake yi, na sha ta watanni, jimilla wata 20 ina fama. Allurar ta taɓa mini ji, yau kunnena na hagu sai fasinja ya ɗaga murya. Duk waɗanda muka yi jinya tare labarin ɗaya ne: direba, ɗan Panteka, lebura. Cefane ne ya raba mu da magani.

Maman Husna, Tudun Wada:
Baban Khalifa, bencin da ka ƙirga bai faɗa maka komai ba, mata suna cikin gida. Ni ban taɓa shan maganin tibi ba bare a ce na yanke, daga maigida na ɗauka, kuma da taurin kansa ya zo mini. Wata 4 ina shan na kemis da zuma da citta, don uwar mijina ta ce kada a ji a unguwa, an kusa kawo kuɗin auren 'yar autarta. Aka ware mini kofi da cokali, amma ɗaki ɗaya muke kwana da yara, taga a rufe saboda sanyi. Da aka fara mini magani, wata ƙwaya ta sa fatata ta yi duhu sosai, har a gidan suna wata ta ja ni gefe ta ce wane mai nake shafawa. Na yi dariya kawai, na koma gida na yi kuka.

Anti Nas, Unguwar Rimi:
Sannu Maman Husna, Allah ya ƙara lafiya. Duk kuna da gaskiya. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin masu tarin fuka 100 kusan 55 maza ne manya, 33 mata, 12 yara. Taba sigari da zama cikin cunkoso na cikin dalilan. Amma abin da muka fi duba wa ga wanda ba ya jin magani shi ne: an taɓa shan magani a baya? An taɓa zama da mai irinsa? Ciwon suga da cuta mai karya garkuwar jiki kuma suna buɗe wa tarin ƙofa a kowane shekaru. Ware kofi wahalar banza ce, ta iska yake bi, a buɗe taga. Tun 2022 hukumar ta amince da haɗin magani na wata 6 don tarin da ba ya jin magani, mai ɗauke da ƙwayar bedaquiline, na haɗiya zalla ba allura, ga masu shekara 14 zuwa sama. Mai ciki ta faɗa tun farko, nata tsarin daban ne. Magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma cibiyar horaswa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta tana nan Saye, Zariya.

Jikan Malam, Badarawa:
Ku ƙara da tsofaffi. Kakanmu ya haura 70, ga suga, ya shekara yana tari muna cewa tarin tsufa ne. Ɗan yayata mai shekara 3 kullum yana kan cinyarsa. Yaron bai ma yi tarin kirki ba, rama kawai da zazzaɓin yamma. Da yake bai iya fitar da kaki ba, da bayan gidansa aka gwada. Kakan bai kai ƙarshen magani ba, Allah ya jiƙansa. Yaron yana aji biyu yanzu.

Baban Khalifa, Rigasa:
Amin. Wallahi ban kawo matar ƙanen nawa da yaransu biyu a raina ba, kuma ciki ɗaya suke kwana. Litinin zan kai su. Mai Napep, ƙanen nawa ma aikin wani yake yi, ɗinki a Kasuwar Bacci, jiya ya fara cewa ya ji sauƙi. A karo na biyun nan, wa ya riƙe maka gida har ka gama?