Lambobin shafukan kundina sun ƙi zama wuri ɗaya

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin digirina na biyu a Word, ya kai shafi 164, kuma da hannuna na tsara jerin abubuwan da ke ciki, ina danna ɗigo ɗaya bayan ɗaya har zuwa lambar shafi. Makon jiya malamin da ke duba aikin ya sa na ƙara sakin layi biyu a babi na biyu, sai lambobin suka goce gaba ɗaya. Kwana uku ina gyarawa bayan yara sun yi barci, ga rashin wuta a Ɗorayi. An kuma ce shafukan farko su ɗauki lambobin Rumawa, babi na ɗaya ya fara daga 1. Don Allah a taimaka mini.

Wani malami: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, tun daga tushe aka kuskure. Ki sa wa sunan kowane babi salon kanu na Word mai suna Heading 1, ƙananan kanu Heading 2, sannan ki saka jerin daga sashen References da ke saman Word, Word zai gina shi da kansa, kuma duk lokacin da shafi ya motsa sai ki danna cikinsa ki latsa F9 domin ya sabunta lambobin. Batun lambobin Rumawa kuwa, sai kin raba kundin da Section Break, wato alamar raba sashe, kafin babi na ɗaya, ki kashe Link to Previous, wato abin da ke haɗa sashe da wanda ya gabace shi, a ƙasan shafi. 

Wata 'yar'uwa: Ni kowane babi a fayil ɗinsa na ajiye. Ki dai mayar da shi PDF kafin bugawa, domin da na kai nawa wani shago a Kabuga, ƙ da ɗ duk akwatuna suka koma, mai shagon kuma ya dage sai na biya kuɗin takardun.

Malamin: Hajiya, raba babobi shi ne ke wahalar da gina jerin a wuri ɗaya.

Mai tambaya: Malam, na gwada Heading 1, sai kanun suka koma shuɗi, alhali baƙi ake so a sashenmu. Da hannu aƙalla ina ganin abin da nake yi.

Malamin: Sau ɗaya ake canza launin a Modify, wurin gyara salon Heading 1, duk kanun da ke da wannan salon su bi.

Mai tambaya: Ranar Litinin zan miƙa, kuma ina tsoron taɓa abin da na sha wahala a kansa. Babu wanda ya san yadda ake daidaita ɗigogin kawai?