Kantoma ko zaɓaɓɓen shugaba: me zai hana a tambayi jama'a?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa gwamna ba shi da hurumin ɗora kantoma a kan ƙaramar hukuma, muhawara ta ƙi ƙarewa a majalisarmu, domin wasu na ganin kantoman da ya san aiki ya fi shugaban da aka yi wa aringizon ƙuri'u. Me zai hana a yi ƙuri'ar raba gardama a ƙananan hukumomi 17 na Filato, jama'a su faɗa da bakinsu ko naɗi suke so ko zaɓe?

Malamin Unguwar Rogo:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, doka ba ta bar wannan ƙofar a buɗe ba. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, saboda haka ko dukkan mutanen Jos ta Arewa sun nemi naɗi, sai an gyara kundin, kuma gyaran ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 daga cikin 36 sun amince.

Dattijon Bukur:
Yaro, mu da muka ga jiya ba za mu ɗauki wannan magana da wasa ba. A watan Afrilun 1994 gwamnatin soja ta naɗa Alhaji Aminu Mato ya shugabanci Jos ta Arewa, shekara uku bayan Janar Babangida ya ƙirƙiro ta, aka yi rikici a kan naɗin. A watan Nuwamban 2008 kuma zaɓe aka yi, sakamakonsa ya jawo asarar rayuka masu yawa, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. To ka ga mun ɗanɗani naɗi, mun ɗanɗani zaɓe, kowanne ya ƙona mu, domin duk ɓangaren da bai samu ba yana ganin an shirya abin tun kafin a fito fili. Duk da haka ni zaɓe na fi so, tunda wanda ya zo ƙofar gidana neman ƙuri'a ina iya tare shi a wurin ɗaurin aure in tambaye shi labarin magudanar ruwanmu, kantoma kuwa gidan gwamnati kaɗai yake jin tsoro.

Hajiya daga Kubwa:
Baba ya yi gaskiya, Allah ya ƙara girma. A nan Abuja hukumar INEC ce ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida, kuma mun sha ganin jam'iyyar adawa ta ci kujerar shugaba. A Filato kuwa hukumar zaɓe ta jiha ce, wato PLASIEC, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta. Malam Ɗan Gangare, idan aka amince da ƙuri'ar raba gardamar da kake nema, wace hukuma kake so ta ƙirga ta?