Idona kamar an watsa yashi, shekara biyu ke nan: wane likita zan gani a Jos?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya kai min iya wuya. Ni tela ce a Rikkos, shekaruna 46. Yau kusan shekara biyu idanuna suna min raɗaɗi da ƙaiƙayi, kamar an watsa min yashi. Da asuba sai na shafa ruwa kafin fatar idon ta saki. Abin da ya ɗaure min kai, idon da nake jinsa a bushe shi ne kuma yake tsiyayar hawaye da zarar iska ta buge ni a cikin Keke. Da farko na ɗora wa hunturu laifi, kun san sanyin garin nan da ƙurar Disamba, amma damina ta zo ta wuce bai lafa ba. Yanzu zura zare a allura sai na kira yarinyar da take koyon aiki a wurina. Ina cikin ɗinki layin zai dushe, sai na ƙifta ido sau uku ya dawo. A sallar bara kayan mutum huɗu na mayar, na kasa.

Na je wani shagon gwajin ido suka ba ni tabarau. Ya taimaka min wajen karatu, zafin kuwa yana nan. Wani mai kemis ya ba ni na ɗigawa, ranar farko kamar an cire min ƙaya, yau wata bakwai ina saya, in na bari kwana biyu abin ya dawo ya fi na da. Bakina ma bushewa yake, burodi ba ya wucewa sai da shayi. Wa ya kamata in gani, kuma ana warkewa?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Sannu Maman Sadiq, Allah ya ba ki lafiya. Kafin komai, ɗauko kwalbar nan ki faɗa mana abin da aka rubuta a jikinta.

Maman Sadiq: Amin Anti. Ƙarƙashin sunan an rubuta dexamethasone.

Anti Nas: Abin da nake tsoro ke nan. Wannan sitiroyid ne, yana kwantar da kumburi nan take, shi ya sa kika ji daɗinsa. Amma in aka daɗe ana ɗigawa ba likita a kai, yana iya hau da jinin ido har ya lalata jijiyar gani, yana kuma kawo yanar ido. Hawan jinin ido ba ya zafi, mutum ba ya sani sai gani ya fara tafiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ki tafi asibiti cikin satin nan da kwalbar a jakarki, a auna miki jinin idon, likita ya tsara miki yadda za ki rabu da maganin. Tunda kin yi wata bakwai kina ɗigawa, a hankali ake janye shi.

Kuma likitan ido za ki nema, wanda ya gama karatun likita sannan ya ƙware a kan ido. Aikinsa daban da na masu gwaji su ba da tabarau. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, akwai a asibitin Bingham, wato Jankwano. Ki fita da wuri, ki tafi da duk magungunan da kike sha. Na mura da ƙaiƙayi irin su Piriton ma suna busar da ido, haka ciwon suga, haka lokacin ɗaukewar al'ada.

Maganar hawayen nan kuwa, ba abin mamaki ba ne. Ruwan da ke lulluɓe ido akwai maiƙo a samansa, wasu ƙananan kafofi a bakin fatar ido, bayan gashin, su ke fitar da shi. In suka toshe, ruwan ba shi da murfi, sai ya ƙafe da wuri. Ido ya ji zafi ya kwararo da hawaye tsantsar ruwa, ya gangaro kumatu, ya bar idon a bushe yadda yake.

Baban Khalifa: Hajiya ki samu zuma mai kyau ki ɗiga da dare, ki riƙa sa kwalli. Kakata har ta rasu ba ta sa gilashi ba.

Anti Nas: Malam, Allah ya jiƙan kaka, amma kada a ɗiga zuma ko nonon mai shayarwa a idon da ya sha sitiroyid wata bakwai. Garkuwarsa ta yi rauni, ƙwayar cuta kaɗan za ta iya zama gyambo a baƙin ido. Kwalli kuma daidai bakin kafofin maiƙon nan ake zizara shi. Ta ajiye shi tukuna.

Ummu Aisha: Yaya, maganar burodin nan ce ta tsayar da ni, don Allah kada ki manta ki faɗa wa likita. Haka mahaifiyarmu ta yi shekaru, kullum da gorar ruwa a hannu, ga ciwon gaɓoɓi, haƙoranta suna ta lalacewa. Ashe cuta ce da garkuwar jiki take afka wa abubuwan da ke samar da hawaye da miyau. Sunanta Sjögren, ana furta shi Shogiren, sunan likitan ido ɗan Suwidin da ya bayyana ta a 1933, kuma cikin masu ita goma kusan tara mata ne. Ina tsaye aka yi wa Mama gwajin: wata siririyar takarda aka maƙala mata a ƙasan ido na minti 5, da aka cire da ƙyar bakinta ya jiƙe. Aka ɗiga mata wani magani mai launin ruwan ɗorawa, aka haska shuɗiyar fitila, likitan ya nuna min wuraren da suka kurje. Daga nan aka tura ta gwajin jini da wurin likitan gaɓoɓi. Ba cewa na yi ita ce da ke ba, amma ido kaɗai aka yi ta yi wa Mama magani, ba wanda ya tambaye ta bakinta.

Malam Sani Keke: Ni nawa toshewar kafofin ne. Tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, in ɗora a ido minti 10 safe da dare, in murza fatar a hankali, in goge bakin gashin. Sai da na yi wata guda kafin na ga bambanci. Da hunturu kuma ba na fita aiki sai da gilashi mai rufe gefe. Hajiya ki kawar da fanka daga fuskarki, ki nisanci hayaƙin gawayi, kuma ki riƙa ɗaga kai daga keken ɗinki kina ƙiftawa.

Ummu Aisha: Kin tambayi warkewa. Gaskiya yawanci lallaɓa shi ake yi, amma ana samun sauƙi sosai. Ana farawa da hawayen kwalba, wato maganin ɗigawa mai jiƙa ido kamar hawaye. In za ki ɗiga fiye da sau 4 a rana, ki nemi wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, don shi kansa sinadarin yana cin ido. Akwai mai kauri na kwanciya barci. In bai isa ba akwai cyclosporine na ɗigawa, yana da tsada, yana ɗan yaji, kuma sai an yi wata 3 zuwa 6 ake ganin aikinsa, da yawa sun yar da shi tun bai fara ba. Mama kuma an toshe mata 'yar ƙofar da hawaye ke bi ya sauka hanci da wani ɗan mitsitsin abu, a zaune aka yi, ko minti 10 ba a kai ba. In likitan nan ya ga abin ya fi ƙarfin kayan aikinsa, ki roƙi takardar turawa zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Maman Sadiq: Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Mama lafiya. Wallahi ban taɓa kawo cewa bakin da idon za su iya zama abu ɗaya ba, yatsuna ma sukan sage da safe, na ɗauka almakashi ne. Na sa kwalbar a jaka, Litinin in sha Allahu Baban Sadiq zai kai ni Lamingo. Anti Nas, in ci abinci kafin in tafi ko za a ɗebi jini?

Anti Nas: Ki ci abincinki. Sai dai ki tafi da ɗan rakiya da baƙin gilashi, wataƙila a ɗiga miki maganin buɗe ƙwayar ido, gani zai dushe na 'yan awoyi. Ranar kada ki karɓi ɗinki.