Abin da aka tattauna kan fumfuna da iskar ɗaki

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawar da aka yi kan yadda za a magance fumfuna a gida da kiyaye iskar ɗaki.

1. Kowa ya yarda danshi ne uwar fumfuna. Rufi mai yoyo, bango mai tsatsa da damina, katifa a kan siminti. In ba a toshe hanyar ruwa ba, ko an goge sai ta dawo. Abin da ya jiƙe a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48.

2. Laimar iska: kada ta wuce kashi 60 cikin ɗari.

3. Ƙwayoyin fumfuna ido ba ya ganinsu, iska ke yawo da su. Masu asma da ƙananan yara su suka fi wahala. Shi ya sa aka ce in za a goge fumfuna a sa takunkumin N95 (mai tace ƙananan ƙwayoyi) da safar hannu, a buɗe taga, kada a kankare ta a bushe.

Inda aka rabu shi ne amfani da bilic (sinadarin faranta kaya da kashe ƙwayoyin cuta) wajen kawar da fumfuna. Wasu sun ce yana aiki, wasu sun ce a tayil da gilashi kawai, ba ya ratsa katako ko silin. Ni ina tare da na biyun. Silin da ya ruɓe a cire shi. Amma babu wanda ya yi musu cewa haɗa bilic da amoniya (da ke cikin wasu sinadaran goge-goge) ko ruwan khal (vinegar) yana fitar da iska mai guba. Don Allah a kiyaye.

Fenti a kan fumfuna? Ɓawo zai yi.

An kuma tabo hayaƙin janareta da gawayi: iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari, kada a kunna su a rufaffen ɗaki.