Fatar idon mahaifiyata ta sauko: likitan ido za mu nema ko asibitin gyaran jiki?

Maman Hafsa, Jidda:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawara game da mahaifiyata mai shekara 64, wadda muke zaune tare a nan Jidda. Kusan shekara biyu ke nan fatar idonta na dama take saukowa a hankali, yanzu ta rufe kusan rabin ƙwayar idon, sai ta ɗaga haɓa ko ta sa yatsa ta ɗage fatar kafin ta iya karanta Alƙur'ani. Maƙwabciyarmu ta nuna mini tallar wani asibitin gyaran jiki a Snapchat, inda suke rage fatar ido a yini guda, har da rangwame. Hajiya tana da ciwon sukari, kuma kullum tana shan asfirin. Can ya kamata mu kai ta, ko akwai likitan da ya fi cancanta?

Abu Yasir, Riyad:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Na daɗe ina aikin jinya a sashen ido, kuma roƙona gare ki, 'yar'uwa, kada ki bari a taɓa idon nan da wuƙa kafin a gano dalilin saukowarsa. Larura biyu ce mutane suke ɗauka ɗaya. Akwai fatar da ta yi yawa saboda shekaru ta zubo kan gashin ido, wannan rarar kawai ake yankewa. Akwai kuma wanda tsokar da ke ɗaga fatar ce ta saki, kuma a nan ko an rage fata idon zai ci gaba da zama a lumshe, domin tsokar ce take buƙatar a gajarta ta a ɗaure. Yadda kika kwatanta, na fi zargin na biyun, amma awo ne zai tabbatar.

Wanda za ku nema shi ne likitan ido da ya ƙware a tiyatar fatar ido da hanyoyin hawaye. Zai auna ƙarfin tsokar, ya gwada faɗin ganinta, ya duba ko idon yana bushewa, sannan ya tambaya ko saukowar tana ƙaruwa da yamma, saboda hakan kan nuna wata cutar raunin tsoka wadda magani take buƙata kafin a yi maganar tiyata. Idan kuwa fatar ido ta sauko farat ɗaya, tare da ciwon kai mai tsanani ko ganin abu biyu-biyu, wannan na sashen gaggawa ne a ranar. Kafin ku amince da kowa, ki duba rajistarsa da fannin da ya ƙware a shafin Hukumar Ƙwararrun Ma'aikatan Lafiya ta Saudiyya. Masu wuyar sha'ani akan tura su Asibitin Ido na Sarki Khalid da ke nan Riyad, sai dai ga irin ta Hajiya akwai ƙwararru a Jidda.

Hajiya Babba, Makka:

'Yata, ki ji maganar Malam. Ƙanwata ta je irin wannan asibitin gyaran jiki, aka rage mata fata fiye da kima, yau idan ta yi barci idonta ba ya rufuwa gaba ɗaya. Ga busasshiyar iskar ƙasar nan, ga na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, kullum tana cikin ɗiga magani da shafa man ido, kuma fatar da aka yanke ba ta dawowa cikin sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da ta koma, ba ta sake ganin wanda ya yi mata aikin ba. Ki tambaya a fili wane ne zai yi wa mahaifiyarki tiyatar da hannunsa, kuma wa zai duba ta bayan an cire zare. Asfirin ɗin ma kada ta daina sha da kanta, sai likitan da ya rubuta mata ya yarda.

Abu Yasir, Riyad:

Gaskiya ne, Hajiya. Ƙarin bayani a kan kuɗi: inshorar lafiya ba ta saba biyan aikin kwalliya ba, amma idan gwajin faɗin gani ya nuna fatar tana tare mata gani, likita zai rubuta rahoto cewa magani ne, sai a nemi amincewar kamfanin da shi.

Maman Hafsa, Jidda:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambayi Hajiya, ta ce safe da yamma idon duk ɗaya yake, kuma ba ta ganin abu biyu. Mun sami ranar ganin likitan ido a mako mai zuwa, zan tafi da sakamakon awon sukarinta, da jerin magungunanta, da tsofaffin hotunanta domin ya ga lokacin da abin ya fara.