Ƙarar fankar kwamfuta ta hana ni aiki a Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina tace bidiyon biki da manhajar Premiere, da dare kuma na ɗan buga wasan kwamfuta. Kwamfutar ni na haɗa: CPU (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600X da ƙaramar fankar da ta zo cikin kwalinsa, katin sarrafa hoto RTX 3060, RAM 32GB.

Tun shigowar bazara abin ya ɓaci. Da na fara fitar da bidiyo, cikin minti biyar zafin CPU ya kai digiri 93, dab da iyakarsa ta 95, fanka ta riƙa kuka kamar injin markaɗe. Makirfo har kwashe ƙarar yake yi in ina ɗora murya. Ɗakin ba AC, da rana ya kan haura 40.

Na hure ƙurar hunturu, na sake man da ake shafa wa CPU. Na rage gudun fanka a BIOS (saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta), ƙara ta lafa amma aikin ya koma tafiyar hawainiya. Na cire murfin gefe, zafi ya sauka digiri huɗu kacal, ƙura kuwa ta samu hanya.

Sefa dubu 45 gare ni na sayen sabuwar na'urar sanyaya CPU, kuma ina tsoron mai sanyayawa da ruwa, don in famfonta ya mutu samun wani a nan wahala ne.

A irin zafinmu, wacce za ta fi shiru: babbar fanka mai hasumiya biyu irin Peerless Assassin 120, ko ta ruwa mai lagireto 240mm? Na gode.